Ƙafar Hagu ta Doña Herlinda

"Ɗora ɗayar," na ce mata.

Doña Herlinda ta dafa ƙofar shagona, ta ɗaga ƙafar hagu ta ɗora a kan kwalin da na shimfiɗa a ƙasa. Na riga na zana ta dama da fensir. Ina kai hannu zan gyara zaman diddigen sai yatsuna suka taɓa wani abu mai tauri a tafin ƙafar, inda bai kamata a ji tauri ba.

"Zauna kan bencin nan tukuna."

"Kai Chencho, awon takalmi ne ko na akwatin gawa? Tukunyata fa tana kan wuta."

Ta zauna, bencin ya yi kukan da ya saba yi idan ita ce. Na juya ƙafar wajen haske. Rabin murfin kwalbar lemo ne, ya lanƙwashe ya shige cikin nama har haƙoransa sun ɓace. Kewayen ya kumbura ya yi ja, tsakiyar ta fara baƙi. Ita ba ta gani. Rabonta da ganin tafin ƙafarta tun 'ya'yanta suna ƙanana.

"Me ka gani ka yi tsit?"

"Murfin kwalba ne a ƙafarki. Ba kya jin zafi?"

"Zafin me?"

Na danna gefen da babban yatsa, dannawar da za ta sa ƙaton namiji ya zagi uwata. Ko gezau. Tana kallon titi, tana ɗaga wa wata hannu.

"Lallai a hanyar dutse na taka shi," ta ce. Sai ta yi alamar gicciye, ta fashe da dariya. "Ka gani ko? Kai da ba ka taka coci sai an mutu. Har ƙarfe Uwarmu Maryamu ta hana ya yi min ciwo. Ciro shi mu kai mata ta gani."

"Ni fatar da ta riga ta mutu nake wa aiki. Ki je wurin Araceli a asibitin unguwa, yau ɗin nan."

"To, likita. Ka dai gama zanen."

Na gama zanen. Aikina ke nan.

Katanga ɗaya ce tsakanin gidana da nata, a layin da ke bayan kasuwar garinmu, can ƙasan duwatsun Oaxaca. Ni baduku ne, daga ƙasa nake sanin mutane. Fuska tana iya yi maka ƙarya, amma diddigen takalmi ba ya yi. Na san wanda ke jan ƙafa, na san wanda nauyi ya fara karya masa idon sawu, kuma a 'yan shekarun nan na san waɗanda suke zuwa su ce in yi musu guda ɗaya kawai. Suna da ɗan yawa a garin nan.

Herlinda tamal take sayarwa da kunun masara. Tun da asuba take dama ƙullin da kitse, ta zuba barkono da nama, ta naɗe a ɓawon masara ta turara. Duk wanda ya tashi a layin nan da tamal ɗinta ya girma. Lokacin da Porfirio ya auro ta daga ƙauyensu na kan tudu siririya ce kamar tsinken tsintsiya, har uwarsa tana jin kunyar fita da ita, wai kada a ce ɗanta ba ya ciyar da iyali. Aka dage mata da ci. Da ta cika ta batse, Porfirio ya fara kiranta "Lukutata", yana faɗa da ƙarfi a bakin ƙofa don a ji. Ita kuma tana amsawa tana rangwaɗa. Ban taɓa jin wani ya ce wannan sunan zagi ne ba.

Ruwan famfo a layinmu sai ranar da ya ga dama, in ya zo ma ba wanda zai sha. Motar lemo kuwa ba ta taɓa saɓa alkawari ba. Herlinda tana da babbar kwalbar baƙin lemo a gindin murhu, da ita take karya kumallo, da ita take kashe ƙishin zafin wuta. Haka kowa yake yi. Jariri ma in ya yi rigima ana ɗiga masa.

Ciwon suga kuwa, in ka bi layinmu gida-gida kana tambaya, ba za ka sami mutum ɗaya da ƙiba ta jawo masa ba. Kowa cewa zai yi firgita ce ta jawo masa. Wannan kare ne ya biyo shi, waccan an aiko mata cewa ɗanta ya ɓace a hanyar tsallaka iyaka, wancan ɓacin rai ne da surukinsa. Kowa ya san ranar da sugarsa ta shige shi kamar yadda ya san ranar aurensa. Ta Herlinda ranar girgizar ƙasa ce, lokacin da tukunya ta kife a gabanta.

Araceli, nas ɗin asibitin unguwa, ta gaji da jin wannan. Na taɓa jin su ta kan katanga.

"Doña, ba girgizar ƙasa ba ce. Ga girgizar nan," in ji Araceli. Na san ƙugun Herlinda take nunawa.

"Ke yarinya, uwata ma ai ba siririya ba ce, kuma sai da ta ga jikokin jikokinta."

"Uwarki da itace a baya take hawa dutse kullum, ruwan rijiya take sha. Ke fa? Daga murhu zuwa kujera. Ki rage lemon nan, ki rage jiki, ki bari in fara miki allurar insulin."

"Allura? Wadda ta makantar da Ofelia? A'a, na gode. Ga tamal biyu ki tafi da su, kin rame."

Ofelia matata ce. An fara mata allurar, bayan 'yan watanni ta daina gani, bayan nan ta rasu. Araceli ta ce an makara ne, sugar ta riga ta cinye idon kafin allurar ta zo. Layinmu ya ce allura ce. Ni ba wanda ya tambaye ni. Amma tun daga lokacin duk wanda aka nuna wa allurar sai ya ambaci sunan matata, kuma wannan yana min ciwo har yau.

Maimakon allura, Herlinda ta yi bakance. Ta ce in Maryamu ta kan dutse ta cire mata sugar, za ta hau wurinta ba takalmi ranar idinta. A watannin da suka biyo baya jikinta ya fara zubewa da kansa, ba ta rage ci ba, ba ta rage sha ba. Ta kai siket ɗinta aka rage musu ƙugu. Tana ta fitsari, tana ta ƙishi, tana ta murna.

"Araceli ta ce in rage jiki, ga shi Uwarmu ta rage min ba tare da na wahala ba," take gaya wa masu sayen tamal.

Araceli ta ce wannan ramar ba ta alheri ba ce, sugar ce take cin ta. Ba wanda ya saurare ta. Porfirio ne kaɗai bai ji daɗi ba, shi kuma don yana ganin ana rage masa mata ne.

Ranar idin na bi masu hawan dutsen, ba don ibada ba, don ina sayar da silifa a gindin dutsen ga masu saukowa. Hanyar tsakuwa ce da ƙaya da fasassun kwalabe na 'yan kallo. Matan da suka yi bakance irin nata suna tafe suna ɗingishi, suna kuka, wasu ana riƙe da su. Herlinda ta ratsa ta tsakiyarsu da kyandir a hannu kamar mai tafiya a kan tabarma. Ta hau, ta sauko, fuskarta ko yamutsewa ba ta yi ba. Kafin yamma labari ya gama gari cewa Maryamu ta ɗauke wa mai tamal zafin hanya. Har wasu tsofaffi suna taɓa bakin mayafinta suna shafawa a gwiwoyinsu.

Shi ya sa ta zo awon takalmi. Ta sa a yi mata sujadar godiya a coci, da makaɗa, da abinci ga layi duka, tana son ta shiga da sabon takalmi na jar fata mai maɗauri a idon sawu.

Ba ta je wurin Araceli a ranar ba. Porfirio ne ya ciro murfin da filayarsa ta gyaran babur, suka wanke da barasa, suka ɗaura ganye da tsumma. Murfin kuma ta sa shi a ƙaramin faranti gaban hoton Maryamu a ɗakinta, kusa da kyandir. Ta ci gaba da tsayuwa a bakin tukunya tun asuba.

Ni na yanka fata, na jiƙa, na ɗora a kan katakon siffar ƙafa. Ina cikin ɗinkin na dama na fara jin warin ta kan katanga. Da farko na ɗauka ɓera ne ya mutu a kwata. Baduku ya san warin fata iri-iri, wannan kuwa na san shi daga wasu gidajen.

Yesenia, 'yarsu da ke aiki a birni, ita ta zo ta kwance tsumman. Na ji ihunta har cikin shago. A ranar ta sa uwar a mota zuwa babban asibitin birni. Kwana biyu sai ga su sun dawo, Herlinda a gaba tana dogara sanda, Yesenia a baya idanu sun kumbura.

Da la'asar Porfirio ya leƙo shagona, hula a hannu.

"Maƙwabci, zo ka sa baki. Tana jin maganarka."

"Tun yaushe?"

"Ka dai zo."

Tana zaune a tsakar gida ƙarƙashin bishiyar lemun tsami, ƙafar a kan bokitin da aka kife, an naɗe ta da farin bandeji wanda ya riga ya jiƙe. Tana tsince ɓawon masara, tana ware masu faɗi gefe guda. Ƙudaje sun sami wurin zuwa.

"An kira min baduku," ta ce. "To, kai ma yankan ka zo yi? Ka fi su iya wuƙa ai."

"Don Chencho, ka gaya mata," in ji Yesenia. "Likita ya ce daga ƙasan gwiwa. Ya ce in an yi yanzu za ta tashi, in an bari abin zai shiga jini. Mama, za ki mutu fa! Kin ji ko ba ki ji ba?"

"Na ji. Ba kurma ba ce ni."

"To mene ne? Shi Don Hilario ba ga shi nan da ƙafa ɗaya ba, yana sayar da jaridarsa?"

"Hilario bai hau dutse ba." Ta ajiye ɓawon da ke hannunta. "Ku saurara. Ƙafar nan da ita na je, Uwarmu ta sa hannu ta tare min ita, gari duka ya gani. Yanzu in ba wa wani yaro mai farar riga ya yanke ya jefa a bokiti? In ce mata me? Na gode, ga kyautarki na mayar?"

"Mama, ba ita ta tare ba! Jijiyoyin ne suka mutu, shi ya sa ba kya ji. Likita ya faɗa, Araceli ta faɗa tun bara."

"Rufe min baki. Ke kina can birni lokacin."

Porfirio ya tsuguna a gefenta. "Lukutata, ni ko rabinki aka bar min ina so."

"Kai tafi can. Da ka ce na rame har fushi kake."

Suka juyo suna kallona. Na ce mata abin da na sani, wanda ba shi da yawa. Na ce na yi wa mutane da dama takalmi guda ɗaya, kuma duk suna dawowa a sake musu wani idan ya cinye. Waɗanda suka ƙi kuwa ba su dawo ba.

"Ka gama takalmina?" ta ce.

"Saura na hagu."

"To je ka gama. Guda biyu na ce."

Na koma shago. Raina ya ɓaci, da ita, da dutsen, da layin gaba ɗaya, har na soke yatsana da basilla, abin da rabona da yi tun ina koyo.

Ba a yi sujadar godiyar ba. Kafin ranar zazzaɓi ya kwantar da ita, tukunya ta yi sanyi, masu zuwa da kwano da safe suka riƙa juyawa. Wata ranar kasuwa da hantsi ta daina gane mutane. Mu huɗu muka ɗauke ta a bargo muka sa a bayan motar mai kayan miya, kuma duk da ramar sai da muka yi nishi. A babban asibitin birni likita ya tambayi Porfirio, Porfirio ya kalli 'yarsa, ya ce a yanke. Sai dai yanzu ba daga ƙasan gwiwa ba ne, daga sama ne.

Na je duba ta ranar Lahadi, lokacin da ake barin 'yan dubiya. Ɗakin dogo ne, gadaje a jere, kuma kusan kowane gado akwai inda bargo ya kwanta shafal a wurin da bai kamata ba. Masu jinya suna zaune a ƙasa suna cin tortiya, wainar masara, kowa da kwalbarsa a gefe. Yesenia ta tare ni a bakin ƙofa.

"Ta farka jiya. Ba ta sani ba. Idonta ba ya gani sosai, kuma ba ta iya ɗaga kai. Ƙodarta ta tsaya, sun ce abin ya riga ya shiga jini." Ta goge hanci da bayan hannu. "Baba ya ce kada a gaya mata. Don Allah kada ka faɗa."

An ɗora wani ƙarfe kamar kwando a kan gadon daga ƙugu zuwa ƙasa, aka rufa bargo a kai. Herlinda ta zama ƙarama a cikin matashin. Fatar hannunta ta yi mata yawa.

"Wane ne? Warin fata nake ji. Chencho ne."

"Ni ne."

"Matso in gaya maka." Muryarta ta dushe, amma dariya ce a cikinta. "Ƙafata ta dawo."

Na kalli Porfirio. Yana kallon bango.

"Ina jin ta, Chencho. Zafi take min kamar an sa garwashi. Daidai inda murfin ya shiga, har babban yatsa ina ji yana motsi. Rabona da jin ƙafar nan an yi shekaru." Ta numfasa. "Da na bari sun yanke fa? Ka gaya wa wannan mai taurin kan."

"Na ji, Mama," in ji Yesenia.

"Sosa min, Pilo," ta ce wa mijinta. "Tafin. Ƙaiƙayi yake."

Porfirio ya tashi, ya zagaya ƙarshen gadon, ya sa hannu ƙarƙashin bargon ta gefen hagu. Daga inda nake ina ganin hannun nasa. Katifa yake sosawa, a hankali, da farcensa mai baƙin man inji.

"Ƙasa kaɗan. Yauwa. Nan." Ta lumshe ido. "Takalmina fa?"

"Na gama."

"Duka biyun?"

"Duka biyun."

"Na hagun ka sassauta maɗaurin. Ta ɗan kumbura."

Na ce to. Na fito na tsaya a bakin titi ina jiran mota. Na yi tsammanin haushinta zan ci gaba da ji, sai na tarar tausayin Porfirio ne ya fi yawa.

Ta rasu ranar Talata da rana, ba ta sake cewa komai mai ma'ana ba. Aka kawo ta gida, aka fitar da kujeru titi, aka kafa rumfa. Matan layi suka haɗu suka yi tamal a tukunyarta, kowa ya ci ya yi shiru, don ba su kai nata ba. Motar lemo ta sauke akwatuna a bakin ƙofa. Tsofaffin da suka taɓa mayafinta suna jan carbi suna cewa mace ce mai albarka. A bayan rumfa na ji wani yana cewa ai firgitar asibiti ce ta ƙarasa ta, wata ta ce a'a, allura suka yi mata tana barci. Araceli ta zo, ta ajiye furanni, aka miƙa mata lemo ta karɓa ta riƙe a hannu har ta tafi.

Kafin a buɗe ɗaki ga masu gaisuwa Yesenia ta aiko a kira ni. Sun sa mata rigar da ta ɗinka don sujadar, da dogon siket har ƙasa. Na kwance takardar da na naɗe takalman. Na dama ya shiga ba gardama, na ɗaure maɗaurin. Yesenia ta ɗauki na hagu ta ajiye a gefensa, ya faɗi. Ta tayar da shi, ya sake kifewa.

"Ko a bar shi kawai?" ta ce.

Porfirio, da ke tsaye a bakin ƙofa, ya girgiza kai.

Na fita tsakar gida. Kwandon ɓawon masarar da ta tsince yana nan ƙarƙashin bishiyar lemun tsami, masu faɗin a gefe guda yadda ta ware su. Na ɗebo, na murza su suka yi laushi, na cusa a cikin takalmin tun daga yatsu har diddige, na danna sosai kamar yadda nake yi wa sabon aiki don kada ya lotsa. Na sassauta maɗaurin da rami ɗaya na ɗaure. Sannan na jingina shi da ɗan'uwansa.

Ya tsaya. Yesenia ta jawo bakin siket ɗin ta rufe har idon sawu, kawunan takalman biyu suka leƙo a jere, jajaye, ba ƙura ko kaɗan a tafinsu.